Moktel ɗin dubu uku da zoɓon da muke rainawa

'Yan uwa ɗalibai, na Yelwa da na Gubi, na Gwallameji da na Wuntin Dada. Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare. Masu sayar da moktel kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, akwai rabonku a ciki.

Maganata guda ɗaya ce: abin sha nagari ba ya neman rakiya. Duk abin da sai an tula masa ƙanƙara, an matsa lemon tsami, an soka masa ganyen na'a-na'a, an manna sukari a bakin kofi sannan zai shawu, to akwai abin da ake ɓoye maka. Mu kuwa ɗaliban Bauchi yanzu kuɗin ɓoyon muke biya, muna murna, har da ɗaukar hoto.

Ku duba abin da ya zama yayi. Bikin zagayowar ranar haihuwa, walimar sashe, ranar rubutu a farar riga bayan jarrabawar ƙarshe, ko'ina sai ka ga an kafa teburi da dogayen kofunan roba, wannan shuɗi, wancan kore. Sunayen ma kaɗai sun isa su tsorata aljihu: Virgin Mojito, Blue Lagoon, Chapman, Margarita. Kofi ɗaya naira 2,500 ko 3,000 a wuraren da na sani. A gefe guda ga wata 'yar ajinmu da kularta ta zoɓo, kwalba naira 500, ana wuce ta kamar ba a gan ta ba. Wanda ya saya ma sai ya cusa a jaka, wai kada a ce ɗan ƙauye ne.

Bari in ɗauko misali daga inda ba ku zata ba. Ni ba na shan giya, haramun ce a addinina, kuma jiharmu tana ƙarƙashin dokar shari'a tun 2001. Amma tunda mun ari sunayen mutane, ya kamata mu san yadda masu abin suke auna nasu. Margarita ɗin da ake rubuta mana a allo, asalinta haɗin giya ce da ake yi da tekila, giyar ƙasar Meziko, da lemon tsami da gishiri a bakin kofi. Ana yin tekila daga wata shuka mai kama da kabar giwa, wadda take shafe shekara 5 zuwa 8 a gona kafin a sare ta. Tun 1974 gwamnatin Meziko ta kafa doka cewa babu wanda zai kira giyarsa tekila sai an yi ta a jihar Jalisco da wasu yankuna na wasu jihohi. A 1994 suka kafa hukuma ta musamman mai sa ido a kan haka. Kowace kwalba tana ɗauke da lambar masana'antar da ta yi ta. Idan an rubuta kashi 100, to daga shukar kaɗai aka samo sukarin. Idan ba a rubuta ba, doka ta yarda a cika da wani sukarin daban, matuƙar na shukar bai gaza kashi 51 ba.

A cikin nau'o'inta akwai wadda suke kira blanco, wato fara. Ita ba a ajiye ta a gangar katako ta daɗe, ba ta wuce wata biyu, don haka babu ƙamshin itace da zai rufa mata asiri. Muhawarar da mashayansu suke yi a kan mai matsakaicin farashi ita ce: wannan ta isa a kurɓe ta ita kaɗai, ko dai ta haɗi ce? Hukuncinsu mai sauƙi ne. Wadda ta cika sai a sha ta zalla. Wadda take da rauni sai a tura ta cikin lemon tsami da gishiri su rufa mata. Wato su kansu masu abin sun san cewa haɗi mafaka ce ta abin da bai kai ba. Mu kuma muka ɗauko mafakar, muka bar ma'aunin, muka mai da ita ita ce wayewa.

To ga abin da zai ba ku haushi. A Meziko ɗin nan, abin shan da talaka da mai kuɗi suke sha da abincin rana sunansa agua de jamaica. Kun san mene ne? Zoɓo ne. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina da nan Bauchi, a busar, a zuba a buhu, a loda a kwantena. Meziko ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya. Har akwai lokacin da ta dakatar da saye saboda ƙwarin da aka gano a cikin kaya, 'yan kasuwarmu suka shiga tasku sai da aka daidaita. Haka ma aya. A Valencia ta ƙasar Sifaniya kunun aya suke sha suna kiransa horchata, sun yi wa ayarsu rajista da sunan yankinsu, kuma duk da haka suna sayo ƙari daga Afirka ta Yamma, ciki har da Nijar, inda yankin Maraɗi ya yi suna wajen noman ta. Su suna alfahari da abin da muke ɓoyewa a jaka, mu muna alfahari da sunan giyarsu da aka cire wa giyar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ni ɗan Ƙofar Dumi ne, a cikin ganuwa na tashi. A unguwarmu babu layin da za ka bi ba ka samu gidan da ake dafa zoɓo ko kunun aya na sayarwa ba, musamman da azumi da lokacin zafin Maris da Afrilu. Da cinikin kular nan ake biyan kuɗin makarantar yara, da shi wasunmu suke samun kuɗin Keke zuwa Yelwa kullum. Saboda haka na san zoɓo, na san mai kyau, na kuma san na ha'inci. Ba zan ce muku duk zoɓon gida lafiyayye ne ba. Abin da nake cewa shi ne zoɓo ana iya yi masa jarrabawa, kuma kowa zai iya yi, ba sai mai digiri ba.

Zoɓon da ake sayarwa a makarantunmu hawa uku ne. Akwai na leda, na naira 50 ko 100, shi wannan maganin ƙishirwa ne, kowa ya san matsayinsa, bai yi wa kowa ƙarya ba. Akwai na sama, wanda aka sake wa suna aka zuba a dogon kofi. Sai na tsakiya, na kwalba mai ɗan tambari, naira 400 zuwa 700. Wannan na tsakiyar shi ne blanco ɗinmu, shi ne ya cancanci a yi muhawara a kansa: a sha shi zalla, ko sai an yi masa kwalliya? Ga yadda za ka gane.

Da farko kada ka sha shi yana ƙanƙara. Sanyi mai tsanani yana kashe harshe, shi ya sa abin da ba shi da daɗi ake daskarar da shi. Bar shi ya ɗan saki.

Ka saurari murfin lokacin buɗewa. Zoɓo ba lemon kwalba ba ne, ba shi da iska. Idan ka ji ya yi tsiii, ko ka ga kumfa tana tasowa, ya fara ruɓa. Sukari da zafi da rashin wutar lantarki sun haɗu, ƙwayoyin yis sun fara aikinsu, kuma aikin yis a kan sukari shi ne dai hanyar da ake bi a samu giya. Kunun aya ya fi saurin lalacewa, na safe ba ya kai yamma idan babu sanyi.

Ka shinshina. Zoɓon kirki ƙamshin citta da kanumfari yake yi, wani lokaci da ɓawon abarba. Idan ƙamshin cingam ko alawar yara ya buge ka, fulebo aka zuba don a rufe ƙarancin zoɓon.

Ka kurɓa ka jira. Dole ka ji ɗan tsami, domin tsamin nan shi ne zoɓon. Zaƙin sukari yana zuwa ya wuce. Zaƙin suwita kuwa yana maƙalewa a maƙogwaro ya bar ɗaci-ɗaci kamar ka lashi ƙarfe.

Na ƙarshe na masu karatun kimiyyar sinadarai ne, amma kakata ma ta san shi. Zuba kaɗan a murfi ka ɗiga ruwan kanwa. Jan zoɓo na asali yana sauya launi da kanwa, ya yi duhu ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore, idan kuma lemon tsami ka ɗiga sai ya ƙara haske. Kalar kanti ba ta cika damuwa da kanwa ba, tana nan ja zur abinta. Idan ka ɗiga bai motsa ba, ruwa da kala ka saya.

Kwalbar da ta tsallake waɗannan, wallahi zalunci ne a haɗa ta da komai. Sha ta haka nan, ko da masar Bauchi mai zafi, ka gode wa Allah. Wadda ta yi ɗan tsami da yawa ko ta yi ruwa-ruwa amma zoɓon gaskiya ne, ita ce ta haɗi: markaɗa kankana ko abarba ka zuba, ka san abin da ka sa da hannunka. Wadda ta faɗi a kan iska ko kala kuwa ba ta zalla ba ce, ba ta haɗi ba ce, ta kwata ce. Matsalar ita ce da zarar an zuba irin wannan a dogon kofi, an cika rabinsa da ƙanƙara, an ƙara lemon kwalba da ruwan zaƙi, babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da zai yi aiki. Ba ka ga murfi ba, ba ka ji ƙamshi ba, harshenka ya daskare. An kwance maka makamai, sannan an ninka maka farashi sau shida.

Wani zai ce, kai malam, kuɗina ne, ina ruwanka? Gaskiya ne, kuɗinka ne. Amma mu yi lissafi. Ɗalibin da yake karɓar kuɗin hidima na bashin NELFUND naira 20,000 yake samu a wata. Kofi ɗaya na dubu uku ya cinye fiye da kwana huɗu na wannan kuɗin. Kuma bashi ne, za a biya. Mun san yadda ake yi: ba don ƙishirwa ake saya ba, don a ɗora a sitatus ne. Yarinya ta ga ƙawayenta huɗu kowacce da kofi, ita kaɗai da ruwan leda, sai ta ciro kuɗin handawut ta biya. Ranar ashirin ga wata kuma garin kwaki ne safe da dare. Idan yayi ya kai inda mai ƙaramin ƙarfi yake jin kunyar abin da zai iya saya, ya daina zama zancen kuɗin mutum ɗaya.

Na biyu, kuma wannan ya fi damuna. Mu nawa ne muka taɓa tambayar me aka zuba a Chapman? A Legas aka ƙirƙiro shi, kuma yadda aka saba haɗa shi akwai Fanta da Sprite da jan ruwan zaƙi da kokwamba, sannan ɗigon Angostura. Ku je ku karanta jikin kwalbar Angostura, wadda ake yi a Trinidad: kashi 44.7 cikin ɗari barasa ce. Eh, ɗigo kaɗan ake sawa, ba zai bugar da kowa ba. Hukuncin ɗigon kuma ba nawa ba ne, ga malamai nan a gari, a tambaye su. Abin da na sani shi ne Musulmin da ya biya kuɗi a kan an ce masa babu giya yana da haƙƙin a faɗa masa gaskiya ya zaɓa da kansa. Haka shuɗin ruwan da ake yin Blue Lagoon da shi: iri biyu ne a kasuwa, akwai na zaƙi zalla, akwai mai barasa, kuma launinsu ɗaya. Yawancin masu haɗa mana moktel a bidiyon TikTok suka koya. Ba na zargin niyyarsu, ina tambayar ko sun karanta kwalbar.

Na uku, mu daina yi kamar ba mu sani ba. Kalmar haɗi tana da wata ma'ana a bakin matasan Arewa. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta fitar. Rahoton da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda a Najeriya, miliyan 2.4 daga ciki maganin tari suke sha. A cikin me ake shan sa? A cikin kwalbar lemo, don kada a gane. Al'adar riƙe kofi mai launi wanda babu mai tambayar abin da ke cikinsa ta yi wa masu wannan harka daɗi ƙwarai. Da can idan aka ga yaro yana yawo da lemo mai launin da ba a saba gani ba, ana sa masa ido. Yanzu kowa da nasa launin.

'Yan uwana mata, wannan taku ce musamman. Abin sha mai zaƙi sosai, mai sanyi sosai, mai launi, a buɗaɗɗen kofi, a wurin taro da dare, wanda wani ne ya je ya karɓo miki, babu abin da ya fi shi sauƙin a jefa wa wani abu. Kwalbar da kika buɗe da hannunki ta fi miki tsaro sau dubu. Idan lallai sai kin sha, ki tsaya a gaban teburin a haɗa kina gani, kada ki ajiye ki dawo ki ɗauka. Rigakafi ya fi magani.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: zoɓon gida ai ba shi da tsafta, da ruwan da aka ga dama ake yi, a kwalaben da aka tsinto a bola ake ɗurawa. Akwai gaskiya a ciki. Mu mutanen Bauchi ba za mu manta da kwalarar 2021 ba, jiharmu tana cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna. Kwalbar da aka tsinto aka ɗauraye sama-sama haɗari ce, kuma duk mai yin haka ya ji tsoron Allah. Amma ku amsa mini: ƙanƙarar da ta cika rabin kofin moktel, da wane ruwa aka yi ta? Shi zoɓo aƙalla an tafasa shi ko an jiƙa shi da tafasasshen ruwa. Ƙanƙara ba ta ga wuta ba, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta yadda tafasa take yi. Na'a-na'ar da kokwambar ɗanyu ne, daga kasuwar Muda Lawal ko Wunti zuwa kofinka, Allah kaɗai ya san ko sun ga ruwan gishiri. Idan tsafta ce damuwarmu, mu nemi tsafta a wurin kowa. Tsada ba ta wanke hannun kowa.

Wata amsar kuma ita ce masu moktel ɗin ma ɗalibai ne, neman na kansu suke yi, gara haka da roƙo. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma ga rabonku da na ce. Sana'arku halal ce matuƙar kun fito da ita fili. Ku rubuta abin da ke cikin kowane kofi a kwali ku kafa a teburi. Ku ajiye kwalaben a inda mai saye zai iya ɗauka ya karanta. Ku bar Angostura, ɓawon lemon zaƙi da kanumfari suna ba da ɗacin da ake nema. Ku daina kiran zoɓo da wani sunan Turanci don ku ƙara dubu biyu. Ku sayi zoɓon kirki daga matan cikin gari ku faɗi sunansa da alfahari. Tsamiya, ɗanyar citta, kuka, goruba, dabino, aya, duk ga su nan a kasuwa da araha. Wanda ya iya haɗa waɗannan da gwaninta ya fi mai kwaikwayon bidiyo fasaha.

Masu zoɓon kwalba kuma, ku ma ba ku tsira ba. Idan kuna son a biya ku ɗari biyar ba tare da ciniki ba, ku yi abin da mutanen Jalisco suka yi a ƙaramin mataki. Sabuwar kwalba mai murfin da ba a taɓa buɗewa ba. Ranar da aka dafa a rubuce. Abin da aka zuba a rubuce, idan akwai suwita a faɗa, domin akwai masu ciwon sukari da ma suke neman hakan, akwai kuma waɗanda ba sa so. Mai hawan jini da yake shan magani ma ya kamata ya san zoɓo mai kauri yake sha, tunda zoɓo yana saukar da jini. Wanda kasuwarsa ta buɗe ya nemi rajistar NAFDAC.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da jami'ar fasaha a garin nan tun 1980, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga ta jiha mai sunan Tatari Ali. Kowace shekara ana rubuta furojet a kan zoɓo da kunun aya, a ɗaure da baƙin bango, a jibge a ofis ƙura ta ci. Me zai hana ƙungiyoyin ɗalibai su haɗa kai da masu karatun abinci da sinadarai, a riƙa gwada abin shan da ake sayarwa a harabar makaranta kowane zango, wanda ya ci a ba shi 'yar alama ya manna a kularsa? Kuɗin da ake kashewa a walimar sashe guda ɗaya ya isa a fara. 'Yan takarar shugabancin ɗalibai da ke cika mana bango da fosta, ga aiki nan idan da gaske kuke.

Kafin a kai can, abin da ke hannunmu shi ne tambaya. Duk wanda ya miƙo maka kofi, ka ce me da me ke ciki, nuna mini kwalbar. Mai gaskiya zai nuna maka yana dariya. Wanda ya ɓata rai ya riga ya ba ka amsa. Idan kuma ka sayi zoɓon 'yar ajinku ka same shi ya cika, ka fito da shi daga jaka ka ɗora a kan benci kowa ya gani, ka faɗa wa na kusa da kai inda ka saya.

Wanda yake ganin na yi son kai, fili a buɗe yake, ya kawo hujja ba zagi ba. Ya zo da moktel ɗinsa ba ƙanƙara, in zo da kwalba ɗaya daga Ƙofar Dumi da ɗan ƙullin kanwa, mu ajiye a gaban jama'a su yi hukunci.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya tsare mu da abin da za mu ci da wanda za mu sha. Amin.